Tukunyar Inna

Ranar Laraba na ɗauki tukunyar Inna,
Wadda ta tsage tun shekarar da ta rasu,
Na kai wa Barau mai zubi, bayan Ƙofar Marusa,
Na ce, "Gyara mini ita, ba sabuwa nake so ba."

Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta da yatsa,
Ta amsa da muryar mai mura.
"Ta wuce liƙi, sai dai narki,"
In ji shi, bai ko ɗago ya dube ni ba.

Akwai wata lotsawa a gefen bakinta
Inda Inna ke buga muciya in ta gama tuƙi,
Shekara talatin, wuri ɗaya.
Ita na tsura wa ido, ban ce komai ba.

Yaronsa ya danƙare ƙasa mai laima a akwati
Kewaye da wata tukunyar aro,
Ya zare ta a hankali. Sai ga rami:
Tukunya ce sak, da wuya da kunnuwa,
Amma ko wake ɗaya ba za ta dafa ba.

Can a wuta tawa ta durƙusa.
Kunnuwa suka fara tafiya, sannan baki,
Ta zama ruwa, kamar farin wata ya faɗo kasko.
Duk jikinta na nan a gabana,
Amma ba mai ce masa tukunya, ni ma ban ce ba.

"Ba za ta cika ramin ba." Ya jefa fistan babur
Da gwangwanin lemo guda shida.
Na ce, "Kai! Ka haɗa ta da baƙi!"
Ya yi dariya: "Ita ma can da fari
Ka san ko murfin inji ce? Sanholo bai san dangi ba."

Suka zuba, ramin ya sha, ya yi huci.
Da ta huce suka fasa ƙasar da ƙafa,
Aka share ta gefe, gobe a yi ludayi da ita.
To siffar ɗazu fa, ina ta koma?
Ba ta cikin ƙasar, kuma ba a ga fitarta ba.

Na rungumo ta da sauran ɗumi har Rafindaɗi.
Sumul take, ba tabo, ba lotsawa.
Ƙanwata Uwani ta ce wannan ba ta Inna ba ce,
Ta ɗora tuwo duk da haka.
Bayan magariba na ji ƙwal! ƙwal! daga madafi,
A gefen baki, ta hannun dama,
Wurin da ba ni na nuna mata ba.