Kwalba ta Sha Bakwai

Takwas da kwata, Huddersfield na yayyafi.
Na rataye rigar ruwa a ƙusa ta uku,
na ɗauki tiren almakashi da gam,
na bi barandar da ke warin fenti da jiƙaƙƙun takalma.

'Yan aji shida sun yanka burodi kashi takwas,
ana gardama: uku bisa takwas da rabi, wa ya fi?
Imogen ta ce a miƙo mata ukun tukuna,
lissafin da ba a tauna ba, ba ya zama a ciki.

Aji biyar sun kashe fitila.
Mai tocila shi ne rana,
mai lemo a hannu yana juyi, shi ne duniya,
wata 'yar siririya tana zagaya shi a matsayin wata,
har jiri ya kwashi duniya ta faɗi,
aka yi husufi a ƙarƙashin tebur.

Aji uku sun fita da alli za su auna inuwa.
A garin nan rana baƙuwa ce, ba ta aiko da saƙo.
Minti ashirin suna ɗaga kai,
suka dawo suka rubuta: yau gajimare ya ci.

Ni aji ɗaya ne wurina.
Kwalabe ashirin da shida a bakin taga,
kowace da jiƙaƙƙiyar auduga da ƙwayar wake ɗaya,
kowace da suna, wasu haruffan sun juya mana baya.
Babana ya yi shekara arba'in yana shuka wake a Gumel
bai taɓa ganin sa'ar da saiwa ke fasa ɓawo ba,
ƙasa ce ta riƙe masa sirrin.
Ga 'yan shekara biyar suna kallonsa ta gilashi
suna ihu, ya yi wutsiya! ya yi wutsiya!

Ban da kwalba ta sha bakwai.

Kacper ya buɗe littafinsa.
Litinin: babu.
Talata: babu.
Laraba ya zana waken yadda yake, ya ja layi biyu a ƙasa.
Ba ya kuka. Da ma kukan yake yi, da na san abin yi.

An tashi, kujeru sun hau tebura,
ni da ƙwayar wake a aljihu,
wadda na jiƙa a gida kwana uku, har ta fara murmushi.
Yatsuna biyu suna cikin kwalbar
Misis Holroyd ta ce daga bakin ƙofa,
"Bar shi, Tasalla. Babu ma amsa ce."

Mu an ce mana abin da ka shuka shi za ka girba.
Ba a ƙarasa mana zancen ba:
wani lokaci ka shuka, ka yi ban ruwa, ka jira,
abin da za ka girba shi ne jiran.

Rana ta sha biyu, a taron Juma'a,
yaron ya tsaya gaban makaranta duka, safa ɗaya ta zame,
ya ɗaga zane goma sha biyu na wake guda.
"Nan ya kumbura. Nan ya yamutse.
Nan ya yi furfura kamar kakana."
Funfuna ce. Babu wanda ya gani sai shi.

Kafin tara aji shida sun zo da madubin ƙara girma,
aji huɗu sun bar jiragen kwalin madararsu a kwatami,
layi har bakin ɗakin cin abinci,
kowa na son ganin waken da ya ƙi.
Ashirin da biyar ɗin can suna ta kore a taga,
babu mai kula su.

Da yamma, a bas mai lamba uku,
na sa hannu neman kati, na taɓo nawa waken.
Na kai shi gida, na cika tsohon kofi da ƙasa,
na tura shi da babban yatsa, na rufe.
Ban leƙa ba.
Wannan na babana ne.