Ƙullin Taru

Ubana Arzika mai ɗinkin taru ne a Gamkalle.
Shekara arba'in yatsunsa na hira da zare
ba tare da ya dube su ba.
Ran wata Laraba, bayan la'asar,
allurar itace ta suɓuce daga damansa
kamar kifin da ya gane ƙugiya.
Ya buɗe baki zai ce a miƙo ruwa,
kalmar ta fito a karye, rabi ya maƙale a harshe.

A asibitin Lamorde
likita ta ɗaga hoton kansa ga fitila.
"Nan ne, ta hagu, jini ya toshe hanya.
Hannun lafiyarsa lau, saƙo ne ba ya isowa."
Na ce, ɓarna a hagu, makoki a dama?
Ta ce, "Jijiyoyin ƙetare juna suke a gindin kai,
yadda kike ƙetare gada kowace safiya."

Gaskiyarta.
A Harobanda nake aiki, hayin kogi,
cikin ɗaki mai sanyi inda muke koya wa na'ura
ta rarrabe ganyen hatsi mai ciwo da mai lafiya.
Mu ma raga muke ce mata:
ƙulli dubu-dubu, kowanne riƙe da maƙwabcinsa,
sai dai namu zaren lissafi ne.
A nuna mata hoto, ta yi zato, ta faɗi ƙasa warwas.
Kuskuren ya koma da baya, ƙulli bayan ƙulli,
a ɗan ja nan, a ɗan sassauta can,
a sake nunawa. Sau dubu goma.
Ba ta gajiya. Ba ta san kunya ba.
Ba ta taɓa juya fuska ga bango
don ƴarta ta ga ta kasa ba.

Baba ya juya.
Wata biyu ba a ambaton taru a gidanmu.

Likita ta faɗa mini abin da na riƙe:
ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa taɓa juna,
akwai ƴar tazara tsakani,
ɗaya ta yi kira, ɗaya ta amsa,
kamar mai jiran jirgi a gaɓa da magariba.
Kiran da aka yawaita shi ke zama turba.
In babbar hanya ta rufta,
ƙafa kan fidda wata ta cikin ciyawa.

Sai na zuba gujiya a faranti.
"Baba, ɗauki ɗaya."
Yatsun suka taho kamar baƙi a unguwa,
suka wuce ta, suka dawo, suka ture ta ƙasa.
Kaza ta samu rabonta.
Gobe ma haka. Jibi ya zage ni da rabin baki,
na yi murna, don zagin ya fito sarai.
Kwana ashirin da uku
kafin ƙwaya ɗaya ta isa bakinsa.
Bai tauna ba sai da ya daɗe yana kallon kogi.

Jiya wuta ta ɗauke a wurin aiki,
ragarmu ta yi shiru, na dawo da wuri.
Na tarar da shi gindin bedi, zare bisa gwiwa,
harshe tsakanin haƙora.
Ya ce, a hankali, yana tsinto kalmomi,
"Taku ragar, in ta yage, wa ke ɗinkewa?"
Na ce, mu ne.
Ya taɓa kansa da allura.
"Wannan kuwa da kanta take yi,
da dare, ba ta ma shawara da ni."

Ya nuna mini ƙullin. A karkace yake,
ko ƙaramar karfasa sai ta fice ta wurin.
Na ce ya yi kyau.
Ya harare ni irin hararar da,
ya sa haƙori ya kwance shi,
ya sake ɗaukar zare.