Awa Guda, In Ji Alhaji

Alhaji Maidamma ya ce Abuja kusa ce.
A bakin filin jirgin Ambursa ya faɗe ta,
yana duban agogo, yana gyara hula:
"Awa guda ce, Arzika, ko shayi bai hucewa."
Na ce haka ne, ranka ya daɗe.
Na miƙa jaka, na juya kan mota,
don gobe a can zai neme ta, a wanke, a ƙofa.

Tasa Abujar da zare aka auna ta,
a miƙe, daga nan zuwa can.
Tawa da ramuka na san ta,
da shingen 'yan sanda, da tirela da ta kife,
da ƙugun da ke ƙara in na sunkuya alwala.

Ina Jega ina shan mai
ya gifta bisa kaina, ɗan fari kamar balbela.
Yaron gidan mai bai ko ɗaga kai ba.
Kafin in ga Koko waya ta yi ƙara:
"Mun sauka lafiya. Kai kana ina?"
Ina inda ka baro, na ce a zuci,
a baki kuwa na ce ga ni nan tafe.

Gaba da Koko akwai wata kwana
da jirgi bai san da ita ba.
Hanyar jar ƙasa, tsamiya biyu, rijiya,
sai gidan da aka binne cibiyarsa.
Ba a aike ni ba. Motar ce ta saba.

Inna Tumba na zaune tana ɓarar gyaɗa.
Ta san kukan injin tun daga nesa,
ta taso tana leƙen kujerar baya,
ta leƙa sau biyu, ko gilashin ne ya ɓoye shi.
"Shina zakkuwa?"
Na nuna mata sama.
Ta kare rana da tafin hannu, ta daɗe tana dubawa,
babu kome sai shirwa guda.
"To, ka hwaɗa mai ƙahwar ta yi sauƙi."
Ta ɗaura daddawa a leda, da kuka, da man shanu a kwalba,
ta ce kar in aje su kusa da injin.

A Yawuri na sayi kifi busasshe na kaina,
na yi azahar da ƙamshin ruwa a hanci.
Kwantagora ta cinye la'asar.
Bayan Tegina babu mai son tsayawa,
kowa ya taka, kowa bakinsa da addu'a.
Minna da magariba, Suleja da fitilu,
awa goma da 'yan kai, in ba a ƙirga kwanar Inna ba.

Na same shi ya yi taro biyu, ya yi barci, ya yi wanka.
Ya ce, "Ka daɗe."
Na ajiye ledar a kan teburin gilashi,
warin daddawa ya cika falon otal.
Ya yi shiru. Ya taɓa ƙullin,
irin ƙullin da haƙori kaɗai ke kwancewa.

"Daga Birni zuwa wurinta awa nawa ne yanzu?"
Na ce biyu, in hanya ta yi kyau.
Ya ce, "Biyu."
Ya sake duban agogo.
Ni dai na nemi makullin ɗakin direbobi,
takalmina a hannu, ƙafata ta kumbura.