Murhun Ciki

Shekara talatin ina suyar gyaɗa a Bagalam,
hannuna ya san kasko fiye da fuskar maƙwabta.
In ƙuli ya yi baƙi ba na zargin gyaɗa,
na san laifin na wuta ne.

Sai ga Rabe ya dawo daga Indiya,
ya raka maigidansa neman lafiyar ƙafa.
Ya ce, Inna, can akwai wani tsoho
da bai tambayi ƙafa ba, sai ya ce a fiddo harshe.
Ya duba, ya ga fari-fari kamar dusar gero,
ya ce da tafinta: gaya masa wutarsa ta kusa mutuwa.

Na ce, wuta a cikin mutum?
Ya ce, ƙasan haƙarƙari, saman cibiya,
sunanta agni a bakinsu.
Ita ke dafa abin da muka riga muka dafa,
ta mai da shi ruwa, ruwan ya zama jini,
jini ya zama tsoka, har ya kai ga ɓargo.
In ta yi sanyi, abinci ya kwana ɗanye,
ya yi yauƙi, ya toshe magudanai
kamar lambatun kasuwa ranar ruwan Agusta.
Wannan saura suna ce masa ama.
Na yi dariya har ɗankwalina ya zame:
ama da amai, ashe 'yan ɗaki ɗaya ne!

Ya fara lissafa mini iri huɗu, na ce dakata,
ai duk na san su, sunayen ne ban sani ba.
Akwai ta karan dawa, bal-bal, ta ƙone gindin tukunya,
mai ita kafin ya wanke hannu yunwa ta dawo.
Akwai ta ɗanyen icce, hayaƙi da hawaye,
tuwo ya kai la'asar yana gudaji.
Akwai wadda iska ke wasa da ita a tsakar gida,
yanzu ta tashi, yanzu ta kwanta.
Ta huɗun garwashin ƙirya ce,
ba ta ihu, ba ta gaggawa, amma sai ta nunar.

Da dare na dubi Tsayabu.
Ya ci tsire a bakin tasha, ya ci shinkafa a gida,
ya kora da ruwan ƙanƙara leda biyu,
ya miƙe bisa tabarma yana gyatsa,
yana cewa, Barira, jiƙo mini kanwa.
Shekara nawa ina jiƙa ta!
Ni da ba na zuba ruwa a garwashi in tukunya na bisa,
ni da ba na ƙara ɗanyar gyaɗa kan wadda ta fara ja,
ban taɓa tunanin cikinsa ma kasko ne ba.

Ban ambaci Indiya ba, don ba zai saurara ba.
Na yanka citta siriri, gishiri kaɗan, lemun tsami,
na ajiye gaban akushi.
Na mai da babban ci tsakar rana,
lokacin da ta sama ke taimakon ta ciki.
Ya ce, yau kuma rowa ce? Kwanon bai cika ba.
Na ce, tukunyar da ta cika fal ba ta tuƙuwa,
bar wa muciya wuri.
Malam ma ya faɗa a wa'azi, kai ne ka yi gyangyaɗi.

Ban san ko tsohon nan da gaskiyarsa ba.
Likita ya ce a kawo shi Litinin, kuma zan kai shi.
Amma jiya da asuba, ina tone toka,
ina neman ɗan jan da ya kwana da rai,
sai cikina ya yi ƙugi.
Na dafa shi da tafin hannu,
na ce, sannu, abokiyar aiki,
ashe tun ran haihuwa kike a hure,
ban taɓa gaishe ki ba.