Kwalba Biyu a Bur Sudan

Na ɗebo Bahar Maliya a kwalba biyu,
ɗaya daga bakin tashar jirage,
ɗaya daga zurfin da Awadalla ya kai ni da kwalekwale.

Ƙwayoyin ciki, ido ba ya ganinsu.
Amoniya ce tuwonsu, ita ce miyarsu.

Na tasha sun ninka kansu cikin kwana biyu,
sun cinye rabonsu, sun yi tsit.
Na zurfi kuwa, kwana tara ina ɗiga maganin gwaji,
ko gezau.

Awadalla ya ce in zubar, ruwa bai ƙare a teku ba.

Ran sha ɗaya, kafin shayin asuba ya huce,
ruwan ya ɗan yi ja.
Na rubuta a littafi: sannu ta iso.