Aikin Gida a Bakin Binuwai

Madam Kaltume ta ba mu waƙa, baiti huɗu a kan wani kogi.
Ta ce ranar Litinin kowa ya zo
ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da bai sani ba,
ya zaƙulo kamantawa biyu, siffantawa ɗaya,
wanda ya kamo mutuntarwa za a ƙara masa maki.

Na ja layi har biro ya fara shaƙewa.
Kalma goma sha tara.
Ƙamus ɗina ba shi da bango,
daga harafi na uku ya fara, sauran gara ta karance.

Kogin cikin waƙar wai daskarewa yake yi
har yara su taka bayansa da takalmi.
Ni ƙanƙarar da na sani a leda take,
dala biyar a bakin babbar kasuwar Garwa,
kafin ka kai gida ta koma hawaye.
Wannan ma kamantawa ce? Ban sani ba. Na goge.

Da la'asar na ɗauki littafin na gangara ƙasan gada
inda kakana, Baba Ɗanjuma, ke ɗinkin koma,
zare a haƙori, ƙafa ɗaya cikin yashi.
Ya ce, me ya ɗaure maka fuska haka?
Na ce, adon harshe.
Ya ce, harshe ma ado yake yi? To, Allah ya kyauta.

Sai ya ɗaga haɓa wajen ruwa.
Dubi Binuwai bana, in ji shi,
ya rame kamar saniyar da ta ga ƙarshen rani,
haƙarƙarinsa duk a waje.
Na rubuta: kamantawa.

Can tsakiya wani baƙin abu ya huro ruwa ta hanci.
Ya ce, kar ka kula ta, dorina dutse ce mai numfashi,
sai ka matsa take tuna tana da baki.
Na rubuta: siffantawa.
Hannuna har rawa yake.

Balbelu suka sauka a tsibirin yashi.
Ya ce, ga masu wanki sun zo shanya.
Wannan ban san gidan da zan sa ta ba,
na ajiye ta a gefen shafi.

Bara kuwa, ya ce, da ya yi fushi,
cikin dare ya taso ya cinye gonar albasar Hamajoda,
bai bar masa ko ta miya ba.
Na yi tsalle: mutuntarwa!
Baba, ka mai da kogi mutum, ado ke nan!

Ya cire zaren daga bakinsa.
Ya dube ni yadda yake duban karfasar da ta kwana.
Ado? Je ka gaya wa Hamajoda ado ne.
Ya ci gonar, yaro. Ina nan tsaye ya ci ta.

Ranar Litinin takardata ta dawo da jan biro:
takwas bisa ashirin.
Misalan ba daga cikin waƙar suke ba.
Gaskiyarta. Ban ce komai ba.

Da aka tashi ta tsayar da ni a bakin ƙofa,
alli a yatsunta, tana duban gefen shafin.
Ta ce, masu wankin nan, su wa ke nan?
Na ce, balbelu, Madam.
Ta yi shiru. Ta leƙa taga, ko da yake ba a hango kogi daga nan.
Ta ce, ka sake aikin, ka kawo Alhamis.

Kalma goma sha tara na nan da layinsu.
Na samo sha shida.
Ukun da suka rage suna cikin shafukan da gara ta ci,
Baba kuma ya ce bai taɓa kama irinsu ba.