Mai Share Sawu

Nakan riga tsuntsayen teku tashi,
manjagara a kafaɗa, kwando a hannu.
Tsibirin nan, kafin shayi ya huce ka zagaye shi,
amma kwana ɗaya a ɗakin da ke tsaye kan ruwa
ya cinye albashina na wata biyar.

Aikina share sawu.
An ce baƙi sun biya kuɗin yashin da ba a taɓa takawa ba,
to kullum da asuba sai in mayar da shi sabo fil.
In kwashe ciyawar teku, marfin kwalba, guntun sigari,
silifa wari ɗaya da igiyar ruwa ta ɗauko daga wata ƙasa,
sannan in riƙa ja da baya ina goge nawa.

Jiya an yi biki, na uku a makon nan.
Nizaru ya kafa ƙofar furanni tana kallon faɗuwar rana,
furannin ma ta Male suka biyo, a jirgin sama,
kwance cikin sanyi kamar majinyata.
Kujeru goma sha biyu kacal.
Sai da na ƙirga sau biyu.
Ina gwaggo? Ina maƙwabta?
Ina mai zuwa ba gayya ya fi kowa cika faranti?

Ranar da na auri Shiyuna a tsibirinmu
romon kifi ya ƙare tun kafin azahar.
Ruwa ya kece, muka cunkushe a rumfar gyaran kwalekwale,
hotonmu ɗaya tak,
shi ma kan wani yaro ya tare mini rabin fuska.
Yanzu sai wata huɗu nake ganinta,
awa shida a jirgin ruwa, in teku ta kwana lafiya.

Yau da duku-duku, na gama gefen gabas ke nan,
sai ga amaryar jiya, ƙafa ba takalmi,
rigar angon a jikinta, kwalli ya zubo.
Ta ratsa tsakiyar aikina tiryan-tiryan har bakin ruwa,
ta ɗaga waya sama tana neman layi.
Ban san harshenta ba,
amma kalmar da ake kiran uwa da ita
ba ta buƙatar tafinta.
Ta yi dariya, ta yi kuka, ta nuna wa wayar teku,
ta nuna mata kwakwa, ta nuna mata zobe,
har ni ta juyo ta nuna, na rasa inda zan sa manjagara,
sai na ɗaga hannu.
Wata tsohuwa a gadon asibiti, can inda dare bai ƙare ba,
ta ɗago mini nata.

Bayan ta koma na tsaya kan sawun.
Ƙanana ne, na hagu ya ɗan karkace ciki
kamar na ƙanwata Hawwa.
Manaja zai fito ƙarfe bakwai da takardarsa.
Na share na zuwa.
Na dawowa kuwa na bar su,
na ce in an tambaya, kaguwa ce.

Ba a ma tambaya ba.
Kafin bakwai ruwa ya cika,
ya yi aikina, bai karɓi ko sisi ba.